Cukun Radiyya a Falon Hajiya

"Ki yi magana mana, Radiyya. Tun ɗazu ni kaɗai nake ta zuba kamar rediyo."

Radiyya ba ta ɗago kai ba. Tana zaune a gefen tabarma ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidansu, tana murza bakin mayafinta. Abdurrahim ya baro ofis tun kafin la'asar, ya biyo hanyar bayan duwatsu har rugarsu don ya kawo mata saƙon mahaifiyarsa.

Shekara biyu ke nan Radiyya tana kai cuku da man shanu gidansu a cikin garin Dutse duk ranar Juma'a. Ta ƙofar baya take shiga, ta ƙofar baya take fita. A can ya gan ta, kuma tun ranar da ya ce ita yake so, Hajiya Mu'minatu ta daina amsa gaisuwarta. Hajiya ta riga ta zaɓar masa Khaulat, 'yar ƙanwarta, wadda ta yi makarantar koyon girki a Kano.

"Yaya, ni me zan ce?" in ji ta. "Ni aji huɗu na tsaya a firamare. Ban taɓa ganin irin wannan farantin ba ko a hoto."

"Ba wani abu ba ne. Kayan marmari ne da cuku, a jera su a tire su yi kyau. Ranar Asabar ƙawayen Umma za su zo yi mata barka da dawowa daga Umara. Ta ce ki kawo cuku, ki tsaya ki shirya da hannunki. In kin fitar da ita kunya, za ta bari kawunnaina su zo wurin Baffanki tambayar aurenki."

"In kuma na ba ta kunya fa?"

Ya kau da kai.

"Ka faɗa mini."

"Ta sa na yi mata alkawari zan cire maganarki a bakina."

Hawayen da take riƙewa suka zubo. Ta sa bayan hannu ta share, wasu suka biyo.

"Kuma ka yi alkawarin?"

"Uwata ce, Radiyya. Ta dafa ƙirjinta ta ce in dai ita ta shayar da ni. Ya kike so in yi?"

"Ai shi ke nan. Ba faranti take so ba, Yaya. So take ta tara mata su ga 'yar tallan da ɗanta ya kwaso, su yi dariya, kai ma ka ji kunyata ka tafi da ƙafarka."

"Ba zan ji kunyarki ba."

"Ba ka gani ba tukuna."

Ya daɗe yana lallashi. Da zai tafi ya ce ko hotuna zai nuna mata a waya. Ta girgiza kai. Ta ce in ta kalli na wasu, hannunta zai rikice.

Ranar Asabar da sassafe, Innarta ta ɗora madarar da aka tatso a wuta, ta ɗiga ruwan tumfafiya kaɗan har ta kama jikinta, suka tsane ta a ƙananan kwanduna. Cuku goma suka fito, farare tas, da zanen kwando a jikinsu.

Inna ta tura mata kwanon fura.

"Sha ki ƙoshi tun a nan. Kin san can ba abin da zai shiga bakinki a gaban uwar miji, ko da yunwa za ta kashe ki."

"Na sani, Inna."

"Kuma na fari na babba ne. Ko a gidan wa kika yanka cuku, tsohon gidan ne zai fara. Ban haife ki don ki manta da wannan ba."

Ƙarfe sha ɗaya ta shiga kicin ɗin Hajiya. Khaulat tana ciki, ta ɗaura rigar girki a kan leshi, waya a jingine da tulu tana nuna hoton wani faranti.

"A'a, amarya ta iso," in ji Khaulat. "Tun daga get na ji warin man shanu, na ce lallai baƙuwarmu ce. Wanke hannu da sabulu, nan ba garke ba ne."

Radiyya ta gaishe ta, ta wanke hannu.

Hajiya Mu'minatu ta leƙo daga ƙofa. Radiyya ta durƙusa har ƙasa. Hajiya ta kalli saman kanta kamar tana duba silin.

"Khaulat, tire biyu ne. Ke ɗaya, ita ɗaya. Ki raba cukun biyu. Bayan la'asar baƙi za su zo, kuma matan manya ne, ba na son shirme."

"To, Mami."

Khaulat ta kwashi cuku biyar, ta zaɓi manyan. Ta jawo inibi da tuffa da abarba gabanta, ta ture wa Radiyya kankana da mangwaro da lemo da ayaba da dabino.

"Ga naki nan, irin waɗanda kika saba gani a bakin tasha."

Ta fere abarba, ta yanka ƙanana, ta yanka ɗanyen cuku daidai da su. Sai ta ɗauki tsinken sakace tana sokewa, abarba ɗaya, cuku ɗaya, abarba ɗaya, kamar tsire.

Radiyya ta kalla, ta kau da kai, ta sake kallo. Zuciyarta ta ce ta yi shiru. Amma cukun Inna ne.

"Anti," ta ce a hankali, "abarba ba ta zama da ɗanyen cuku. In suka jima tare, ɗaci yake yi."

Khaulat ta ajiye wuƙa.

"Me kika ce?"

"Na taɓa ajiye su ƙwarya ɗaya a wurin talla. Duk sai da na zubar."

"Ikon Allah. Shekara biyu ina makaranta a Kano, ashe malamar tana ruga ban sani ba. Kalli hoton nan. Kin iya karanta abin da aka rubuta a ƙasa? Karanta mini."

Radiyya ta sunkuyar da kai.

"To ki kama bakinki. Ko baƙin ciki kike yi nawa zai fi naki?"

Radiyya ta koma kan nata tiren. Ta wanke ganyen ayaba ta shimfiɗa a kan tire. Ta raba kankana biyu, ta kwashe cikin, ta ɗauki ƙaramar wuƙa ta bi bakin ɓawon da irin zanen da suke yi wa ƙwaryar nono, haƙori-haƙori da layi biyu a ƙasa. Ta mayar da jan kankanar ciki don kada ruwanta ya gangaro ya jiƙa cuku.

Dabinon Dutse ne, mai laushi. Ta tsaga kowanne, ta cire ƙwallon, ta cusa farin cuku a gurbinsa. Mangwaro ta tsaga shi gida-gida ta turo bayansa ya buɗe kamar fure. Cuku biyu ta soya da man shanu har suka yi ja, ta jera su layi ɗaya, farare a layi na biyu, lemo ya zagaye su. Ayaba ta bari sai ƙarshe, ta matsa mata lemon tsami don kada ta yi baƙi. Ta zuba zuma a ɗan ludayi ta ajiye a gefe.

Cuku ɗaya ta bari bai yanku ba. Ta ɗora shi a tsakiya, fari, zagayayye, kamar wata daren sha huɗu.

Khaulat ta leƙo ta kafaɗarta. Ta ja tsaki ta koma.

Sai Radiyya ta ɗauki wuƙa ta yanke gefen wannan na tsakiyar, yanka mai kyau, ta sa a ƙaramar tasa da dabino uku.

"Ke, haukacewa kika yi? Kin ɓata shi," in ji Khaulat.

"Na Dada ne."

Dada Iyatu ita ce mahaifiyar maigidan, kakar Abdurrahim. Ɗakinta yana can ƙarshen gida kusa da ƙofar baya. In za a yi baƙi, akan kai mata abinci da wuri a jawo mata ƙofa, don Hajiya ba ta son ta fito da zanen saƙinta tana yi wa mutane Fulatanci.

Radiyya ta shiga ɗakin, ta durƙusa ta ajiye tasar. Tsohuwar ta ɗauki cukun ta shinshina, ta gutsura da dasashi, ta lumshe ido.

"Na safiyar yau ne," ta ce. "Wa ya ce ki kawo mini?"

"Ba kowa, Dada. Na fari ne."

Dada ta daɗe tana kallonta.

Da ta dawo kicin, Hajiya na tsaye a kan tirenta, Khaulat a gefe tana rufe baki da hannu.

"Mene ne wannan?" Hajiya ta nuna gurbin. "Ɓera ne ya shigo mini kicin?"

"Na kai wa Dada ne, Hajiya."

"Da izinin wa? Gidan ubanki ne da za ki zo kina raba mini abinci? Haka za a kai shi gaban mutane da giɓi kamar bakin tsohuwa. Kada ki taɓa, kada ki gyara. Su gani da idonsu."

Bayan la'asar falo ya cika da ƙamshin turare da ƙarar awarwaro. Mata tara ne. Aka raba zamzam da tsarabar Makka, sannan Hajiya ta ce a shigo da tire.

Khaulat ta shigo da nata tana taku ɗai-ɗai. Ya yi kyau ƙwarai, tsinkayen sun tsaya reras a jikin rabin abarba, inibi na zuba ta gefe. Mata suka ɗaga waya suna ɗauka.

Radiyya ta shigo da nata, ta ajiye, ta koma bakin ƙofa ta tsuguna.

"Wannan kuma wace ce?" in ji wata mai gilashi.

"Mai kawo mana cuku ce," in ji Hajiya. "Ta ce ita ma ta iya, na ce to bismilla. Ku fara da na 'yata Khaulat."

Mai gilashin ta zari tsinke ɗaya ta kai baki. Ta tauna sau biyu, fuskarta ta canja. Ta waiga tana neman inda za ta tofar. Ta kusa da ita ma ta yamutsa fuska, ta jawo hankici.

"Hajiya, wannan cukun lafiya kuwa? Ɗaci kamar maɗaci."

Hajiya ta ɗauki ɗaya ta ɗanɗana, ta furzar a tafin hannunta.

Khaulat ta kalli tirenta, ta kalli Radiyya. Radiyya ta ga lokacin da dabarar ta faɗo mata.

"Mami, ni dai abarbata lafiyarta lau. Cukun ne. Kuma ku tambaye ta da me suke haɗa shi. Ke, ba tumfafiya kuke zubawa ba?"

"Kaɗan ne," in ji Radiyya, da ƙyar ake jin ta. "Don madara ta kama."

"Kun ji ko? Tumfafiya, abin da ko akuya ba ta ci. Wa ya san me ta ƙara a ciki? Shekara biyu tana ɗura wa gidan nan, shi ya sa Yaya Abdurrahim ba ya ji ba ya gani. Yau kuma so take ta haɗa har da ku."

Mata suka hau salati. Wadda ta miƙa hannu kan tiren Radiyya ta janye da sauri.

Abdurrahim yana tsakar gida tun ɗazu, ya kasa zaune ya kasa tsaye. Da ya ji hayaniya ya zo bakin ƙofa.

"Umma, don Allah..."

"Tsaya nan, gara da ka zo." Hajiya ta miƙe. Ta ɗauki dabino ɗaya mai cuku daga tiren Radiyya, ta miƙa mata har gaban fuska. "In ba ki sa komai ba, ci. Ci a gabana, a gaban mutanen nan."

Radiyya ta kalli dabinon. Da hannunta ta cusa cukun, ta san babu komai a ciki sai madarar saniyarsu. Amma hannun da ke miƙo mata na matar da ta haifi Abdurrahim ne. A rugarsu, mace takan yi shekaru a gidan miji uwar mijin ba ta taɓa ganin motsin bakinta ba.

Ta ja mayafi ta rufe bakinta.

"Ki ci mana, Radiyya," in ji Abdurrahim. "Loma ɗaya ce, magana ta ƙare."

Ta girgiza kai, hawaye na ɗiga a kan kafet.

"Na roƙe ki. Kin san abin da na yi alkawari."

"Ba zan iya ba, Yaya."

"Don me?"

Ta yaya za ta faɗa? In ta ce kunyar suruka take ji, ta kira kanta matarsa ke nan a gaban uwarsa, alhali ko tambaya ba a kai ba. Ta ƙara dunƙulewa.

"Ka gani da idonka," in ji Hajiya. "Mai abu ta ƙi cin abinta. Ka tuna abin da ka ce mini."

Abdurrahim ya jingina da ƙofa. Ya kalli Radiyya wani irin kallo da bai taɓa yi mata ba, kallon mai tambayar kansa. Wannan ya fi mata zafi a kan duk abin da Khaulat ta faɗa.

Sai aka ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda a kan tayil.

Dada Iyatu ce, da zanen saƙinta da tasar a hannu, babu komai a ciki. Ta ture jikanta da sanda ta wuce.

"Dada, ki koma ɗaki, muna da baƙi," in ji Hajiya.

"Na ji su ai. Na ji ana cewa guba. Tun azahar na cinye nawa, ga ni ban mutu ba, ko kuwa na mutu ban sani ba?"

Ta zauna a kan kujerar Hajiya. Ta gutsuri cukun tsakiyar tiren Radiyya, ta dangwali zuma ta ci. Ta zari tsinke ɗaya na Khaulat, ta lasa, ta jefar.

"Wa ya aura wa cuku abarba?"

Ta nuna tire biyun da sandarta.

"Madara ɗaya, hannu ɗaya. Wannan daɗi, wancan ɗaci. To laifin saniya ne ko na mai tsinke? Ke mai tabarau, ɗanɗana wannan."

Mai gilashin ta yi jim, ta ɗauki dabino ɗaya. Ta tauna, ta ƙara ɗaukar wani.

"Wallahi wannan lafiya lau. Har ya fi na kanti."

"To me ya hana ta ci?" in ji Khaulat.

Dada ba ta ko kalle ta ba. Sai ta juya ga Hajiya.

"Ke ce za ki ba ta amsa, Minatu."

Hajiya ta daskare. Shekara talatin rabon da wani ya kira ta da wannan sunan.

"Ranar da aka kawo ki daga rugar Miga, da ƙwarya goma sha biyu da karsana ɗaya, shekara nawa kika yi ba ki ci a gabana ba? Uku. Kina da cikin wannan yaron na same ki a bayan rumbu kina cin ɗanwake a ɓoye, kika haɗiye da zafinsa har kika ƙone. Yau kin manta fulako, har kina tura wa 'yar mutane abinci a baki. Yarinyar nan girma ta ba ki, ke kuma kika kira shi guba."

Matan suka kalli juna. Wata ta ce ƙasa-ƙasa, "Ashe Hajiya ma 'yar ruga ce? Ai ce mana ta yi a Kano ta tashi."

Dada ta juya ga Abdurrahim.

"Kai kuma sakarai, da ka tsaya kana zare ido. Ka gaya wa ubanka ina kiransa. Juma'a kawunnanka za su je."

"Sharaɗin Umma..." ya fara.

"Sharaɗin tire ne ko? Ga tire nan. Ku ci."

Suka ci kuwa. Kafin a kira magariba ɓawon kankana kaɗai ya rage da 'yan yankan cuku, har mai gilashi tana tambaya ko ana kai wa gida. Tiren Khaulat yana nan yadda aka kawo shi. Ita kuma ta shige ɗaki, ana jiyo kukanta. Hajiya ta raka baƙinta da murmushin da bai wuce leɓe ba.

Abdurrahim ya tare Radiyya a tsakar gida.

"Ki yafe mini. Ban sani ba."

"Ka yi zargina, Yaya. Na gani a idonka."

"Na ɗan lokaci ne."

"Na gani dai." Ta goge fuska. "Kuma ba a gama ba. Cewa ta yi in na ba ta kunya. Ka ga kuwa yau ta ji kunyar da ba ta taɓa ji ba, kuma ta dalilina."

Ta wuce kicin don ta ɗauki ƙwaryarta.

A bakin ƙofa ta tsaya cak. Hajiya na ciki ita kaɗai, ta juya baya, ta sunkuya a lungun firji. Sauran cukun tsakiyar ne a hannunta, tana dangwala zuma tana turawa da sauri-sauri, kamar mai tsoron a kama ta.

Mayafin Radiyya ya taɓa ƙwaryar da ke kan teburi ta motsa, Hajiya ta waigo. Idonsu ya haɗu. Radiyya ta yi maza ta durƙusa ta kalli ƙasa.

Hajiya ta haɗiye, ta goge bakinta da gefen gyale.

"Me kika gani?"

"Ban ga komai ba, Hajiya."

"Gara dai. Kada ki ɗauka tsohuwa ta tsaya miki, shi ke nan kin samu gida. Ba na son ki, kuma abin da aka yi mini yau ba zan manta ba."

"Allah ya huci zuciyarki."

"Ɗauki ƙwaryarki. Kada in ƙara ganin ki a ƙofar bayan nan da tallan cuku."

Radiyya ta ji ƙasa na juyawa da ita. Ta ɗauki ƙwaryar, ta nufi ƙofa.

"Ke."

Ta tsaya.

Hajiya ba ta kalle ta ba, tana ta goge tiren da ya riga ya bushe.

"Yarinyar da za a je tambayar aurenta ranar Juma'a ba ta yawon talla. Ki gaya wa uwarki ta aiko da cukun ta hannun wani. Biyu. Kuma na safe."